Yadda Ake Sassaƙa Ɗan Ƙanƙara na Icce Don Ratayawa a Bishiyar Kirsimeti

A ƙasashen da dusar ƙanƙara ke zuba a watan Disamba, irin su Ingila da Jamus da arewacin Amurka, yara kan mulmula ta su ɗora dunƙule kan dunƙule, su sa gawayi a matsayin ido, karas a matsayin hanci, su ɗora masa hula su naɗa masa ƙyalle a wuya. Wannan siffar, wato ɗan ƙanƙara, ita ce ta shiga kayan adon Kirsimeti, har ta iso wurinmu a jikin kati da kayan roba da ake sayarwa a Sabon Garin Kano. Na robar nan ba ya daɗewa, shekara ɗaya ko biyu ya fashe ko ya koɗe. Na icce kuwa, in an yi shi da kyau, sai ya shekara goma ana ratayawa ana cirewa. Ga iyalan Kirista a ƙauyukan Tudun Wada ko Sumaila ko Rogo, da masassaƙin da ya saba da ƙota da muciya yana neman ƙaramin abin da zai kai kasuwa a ƙarshen shekara, aiki ne da wuƙa ɗaya da guntun icce suka isa a yi shi.

Siffar ba ta da wuya: dunƙule babba, dunƙule ƙarami, hula. Inda aikin yake tsayawa ko ya lalace shi ne wuraren da waɗannan ukun suka haɗu, wato wuya da bakin hula. Wanda ya iya tsayar da wuƙa a nan ya iya aikin.

Iccen da ya dace

Malaina ita ce ta farko. Fara ce, tana da taushi daidai, ba ta cika tsagewa ba bayan ta bushe, kuma kusan duk shagon kafinta akwai guntayenta a zube. In za ka shiga birni, 'Yan Katako na Na'ibawa akwai ragowar obece, farin katako mara nauyi da wuƙa ke shiga cikin sauƙi. Ka nemi guntaye marasa gaɓa, waɗanda jijiyarsu ta miƙe sambal daga wannan kai zuwa wancan.

A cikin itatuwan gida, aduwa tana ba da aiki mai santsi, ita ce ake yin allo da ita, sai dai tana da ɗan tauri, don haka ta fi dacewa da wanda hannunsa ya riga ya faɗa. Danya tana sassaƙuwa da daɗi amma ƙwaro na sonta. Gawo ma haka, kuma shi ba sai ka sare komai ba, rassan da makiyaya suka sassaro wa dabbobi da rani sun ishe ka. Darbejiya ƙwaro ba ya damunta sosai, amma jijiyarta a murɗe take, wuƙa na tafiya lafiya sai ta ɓantaro wuri, kuma jan cikinta yakan ɓullo ta cikin farin fenti. Ƙirya da marke da tsamiya ka bar su ga turmi da taɓarya da gawayi: za su dakusar maka da wuƙa, su gajiyar da yatsunka, kuma abin ya yi wa reshen bishiyar roba nauyi ya lanƙwasa shi. Zogale da kuka ba su riƙe siffa, ba su da amfani a nan.

Batun bushewa shi ne wanda aka fi yi wa garaje. Ɗanyen icce yana da daɗin yanka, shi ya sa mai koyo ke sonsa. Amma da hunturu ya kama, bayan iccen yana bushewa da sauri ya tsuke alhali cikinsa na nan da ruwa, sai ya tsage daga hula har ciki, wani lokaci cikin dare ɗaya. Don haka in daga reshe za ka yi, ka sare shi tun ƙarshen damina, Satumba ko farkon Oktoba. Ka nemi reshe mai kaurin santimita 10 zuwa 12, ka faskara shi gida huɗu, ka fidda ɓargon tsakiya gaba ɗaya, domin daga nan tsaga take farawa. Ka narka kyandir ka tsoma kan kowane guntu da gindinsa, ka jera su a rumfa ko a zaure inda iska ke wucewa rana ba ta duka. Mako huɗu zuwa shida yakan isa ga sirara irin waɗannan. Malaina ta fi jinkirin sakin ruwa, ka ƙara mata lokaci. Busasshe in ka buga biyu za ka ji ƙara mai kaifi, kuma in ka yanke kan ka ɗora a kumatu ba za ka ji sanyin danshi ba.

Duk guntun da ka ga ƙananan ramuka da gari yana zubowa, ka kai shi murhu. Ƙwaron yana ciki, fenti ba zai kashe shi ba.

Wuƙa da sauran kaya

Wuƙar girki ta yi tsawo, tana kuma lanƙwasa. Abin da ake so gajeriyar wuƙa ce, tsawon bakinta santimita 3 zuwa 4, bakin a miƙe, tsininta siriri, ƙotarta kuma ta cika hannu, kamar santimita 11 ko 12. Maƙerin garinku zai iya fitar maka da ita daga tsohon magagari, ko ka duba rumfar maƙera ranar kasuwa, Wudil ran Juma'a ko Maigatari ran Alhamis. Ka gaya masa icce za ka feƙe da ita, ya kwantar da bakin ya yi siriri, kada ya yi masa kauri irin na wuƙar fawa. Wuƙa mai naɗewa wadda ba ta da makulli ka guje ta, takan rufe a kan yatsa.

Wasa wuƙa rabin aikin ne. Ka kwantar da ita a kan dutsen wasa da ɗan ruwa, bayanta ya ɗaga kaɗan kawai, kamar kaurin kwabo biyu, ka goga gefe ɗaya har ka ji wani ɗan ƙaiƙayi ya fito a ɗaya gefen, sannan ka juya. Daga nan ka manna guntun fata daga wurin dukawa a kan katako, ka riƙa jan wuƙar a kai baya-baya, sau goma sha biyar kowane gefe. Kana cikin aiki, duk bayan minti 20 ka koma kan fatar. Gwajin kaifi ba a gashin hannu yake ba. Ka yanki kan iccen a gicciye: in wurin ya fito da sheƙi, ta yi, in ya fito fari-fari da ƙura-ƙura, da saura. Dakusasshiyar wuƙa ita ke yanka mutum, domin sai ka danna da ƙarfi, ta zame ta tafi inda ba ka aike ta ba.

Sauran kayan: ƙaramin zarto mai ƙananan haƙora (zarton yanka ƙarfe ya yi daidai), fensir, rula, samfefa lamba 120 da lamba 220, ƙusa 'yar inci 1 da 'yar inci 2, tsinken tsire, wayar jan ƙarfe daga tsohuwar wayar lantarki, farin gam na kafinta irin Top Bond, sufa gulu, fenti da ƙaramin burushi, da zare ko ulu ja. Ka yanko tsohon tif ɗin keke ko fata ka naɗa a babban yatsan hannun da ke riƙe wuƙa. Ka yi aikin a zaune kan tabarma ko kujera, hannuwanka a gaban gwiwa, kada ka ɗora iccen a kan cinya.

Awo da zane

Ka yanka guntu mai kusurwa huɗu, faɗi santimita 3 kowane gefe, tsawo santimita 14. Santimita 8 na sama su ne ɗan ƙanƙaran, 6 na ƙasa mariƙi ne, ba za a yanke shi ba sai an gama fenti. Wannan mariƙin yana nisanta yatsunka da wuƙa, yana kuma hana ka taɓa fenti da hannu.

Kafin ka taɓa wuƙa, ka ja layi biyu daga kusurwa zuwa kusurwa a saman guntun. Inda suka haɗu nan ne tsakiya, kuma nan za a rataye shi. Ka huda ramin tun yanzu, zurfin santimita 1 da ɗan ɗori, da 'yar ƙusa inci 1 da ka cire wa kai ka riƙe da filaya kana murzawa, ko ka gasa ta a wuta ta shiga da kanta. In ka bari sai ka gama hula ta zama siririya sannan ka huda, sau da yawa hular ce ke rabewa biyu. In kuma ramin ya kauce daga tsakiya, abin zai rataya a karkace, yana kallon ƙasa ko sama.

Yanzu ka auna daga sama, ka zagaya layi a dukkan gefe huɗu: layi na farko a santimita 1.5, na biyu a 2, na uku a 4, na huɗu a 4.6, na biyar a 8. Daga sama zuwa layin farko ƙoƙon hula ne. Tsakanin na farko da na biyu bakin hula. Daga na biyu zuwa na uku kai. Ɗan siririn da ke tsakanin na uku da na huɗu ƙyallen wuya. Ragowar ciki ne. A Amurka an fi yin mai dunƙule uku, a Ingila mai biyu, amma a wannan ƙaramin tsawon mai biyu ya fi fitowa, kuma fuskar tana samun fili. In da yawa za ka yi, ka zana awon a jikin kwalin ashana ko na sukari ka yanke, ka riƙa ɗorawa kana ja.

Mayar da shi mulmulalle

A kowane gefe ka ja layi biyu a tsaye, milimita 9 daga kowace kusurwa. Ka feƙe kusurwoyin huɗu har zuwa waɗannan layukan, guntun ya koma mai gefe takwas. Ka sake feƙe kusurwoyin takwas kaɗan-kaɗan, sai ga shi ya zama kamar sanda. Layukan awo za su goge a wuraren da ka feƙe, ka mayar da su nan take.

A nan za ka fahimci kwanciyar jijiyar iccen. In wuƙa tana fitar da ɓawo mai naɗewa, wurin yana santsi, kana bin hanya. In ta fara nutsewa tana ɗago tsaga a gabanta, ka tsaya, kada ka ƙarasa, ka juya guntun ka yanko daga ɗaya ɓangaren. Yanka iri biyu za ka yi ta amfani da su. Na farko turawa: wuƙa na fuskantar waje, babban yatsan hannun da ke riƙe icce yana tura bayanta, shi ke ba da ƙarfi shi ke tsayar da ita. Na biyu jawowa, irin yadda ake feraye rogo: babban yatsa mai naɗin roba yana tokare a ƙasa da inda wuƙar za ta fita, sauran yatsun suna matso ta. Kafaɗa da gwiwar hannu ba su da aiki a nan, yatsu ne kawai. Ɓawon da kake cirewa kada ya wuce kaurin farce.

Yankan iyaka

Wannan shi ne zuciyar aikin. Yankan iyaka shi ne ka dasa wuƙa a tsaye a kan layi ka yanke jijiyar iccen a gicciye, ta yadda in ka zo feƙewa daga gefe, ɓawon zai tsaya a nan ya faɗi, ba zai zarce ya ɓalle abin da ke gaba ba. Ka ɗora bakin wuƙa a layi, ka danna, ka riƙa juya iccen ba wuƙar ba, har ka zagaye. Zurfin milimita 1 zuwa 2 ya isa a karo guda. Sannan ka feƙo zuwa layin, ka sake dasa wuƙa, ka sake feƙowa. Sau huɗu ko biyar ake maimaitawa kafin a kai zurfin da ake so. Mai son ya kai zurfin a bugu ɗaya shi ke karya tsinin wuƙarsa.

Wanda hannunsa bai yi ƙwari ba, ko iccensa ya yi tauri, zai iya yin iyakar da zarto. Ka manna salatif a jikin zarton, milimita 4 daga haƙora, don ka san inda za ka tsaya, ka zagaya a hankali. Sai dai zarto na barin gefe mai kaushi, dole ka bi da wuƙa ka share.

Ka fara da layi na huɗu, ƙasan ƙyallen wuya. Ka yi iyaka, ka feƙo daga ciki zuwa sama, kana farawa kamar santimita 1 ƙasa da layin, har kafaɗun su zagaye. Zurfi a nan ya kai milimita 5 ko 6. Dokar mulmula dunƙule guda ce: kullum daga wuri mai faɗi zuwa wuri mai tsuke. Ka ja layi a tsakiyar cikin, inda ya fi faɗi, kada wuƙa ta taɓa wannan layin. Daga shi ka gangara sama zuwa wuya, daga shi ka gangara ƙasa zuwa gindi. In ka yi akasin haka, wuƙar za ta shiga ƙarƙashin jijiya ta ɗago ta.

A layi na biyar ma haka, iyaka sannan gangarawa, amma kada ka tsuke gindin har faɗinsa ya gaza santimita 1.5, don mariƙin bai kamata ya karye kafin lokaci ba, kuma gindi mai ɗan faɗi yana ba shi damar tsayawa a kan tebur in ba a rataye shi ba.

Kai ya fi ciki ƙanƙanta, don haka sai ka fara rage duk tsakanin layi na biyu da na huɗu ya koma faɗin santimita 2.2. Ka yi iyaka a layi na biyu, ƙarƙashin bakin hula, ka feƙo zuwa sama. Sannan iyaka a layi na uku, ka gangaro da haɓa zuwa ƙyalle. Saman kai ba ya buƙatar zagayewa sosai tunda hula ta rufe shi, ka ɗan shigar da shi kawai ya zama hular ta zauna a kansa. Kuskuren da aka fi gani a aikin masu koyo shi ne tsoron zurfafawa. Sai a gama a ga sanda ce mai layuka, ba kai ba ciki. Ka ɗaga shi ka kalle shi daga nesa, ta bayan haske: in ba ka ga wuya ya shiga sosai ba, ka koma ka ƙara. Siffar daga nesa za a gan ta a jikin bishiya, ba a tafin hannu ba.

Hula da ƙyallen wuya

Bakin hula shi ne wuri mafi rauni. Jijiyar iccen a tsaye take, shi kuma faifai ne a kwance, ke nan gajerun jijiyoyi ne 'yan milimita 5 a jere, ƙaramin kuskure ya ɓalle gefe. Saboda haka kada ka rage kaurinsa ƙasa da milimita 5 komai sha'awarka da siririn baki, kuma kada ya fito fiye da milimita 3 ko 4 daga jikin kai. Ka yi iyaka a layi na farko, ka feƙo ƙoƙon hular daga sama zuwa ƙasa har ya koma faɗin santimita 1.6, ramin rataya yana tsakiya daidai. Duk sanda wuƙa ta kusa isa bakin hula, ka sassauta hannu, ta isa iyakar da ƙyar. In ɓawo ya maƙale bai faɗi ba, kada ka banƙare shi da tsinin wuƙa, ka sake dasa iyakar ya yanke. Da ka gama, ka ɗiga sufa gulu a kewayen bakin ya tsotse, zai ƙara masa ƙarfi sosai. In gefe ya ɓalle kuma ka tsinci guntun, farin gam da ɗaurin zare na awa biyu zai mayar da shi.

Akwai hanya mafi sauƙi, kuma a ganina ta fi kyau ga abin da aka yi a nan: hular sanyi ta ulu irin wadda kowa ke sawa da hunturu. Bakinta naɗi ne mai kauri da ke manne da kai, ba abin da zai ɓalle. Ka bar naɗin milimita 6, ka zagaye saman, ka bar ɗan tuntu a ƙoli inda ramin yake. Mai koyo ya fara da wannan.

Ƙyallen wuya zobe ne kawai, ka ɗan zagaye gefensa na sama da na ƙasa. In kana so jelarsa ta sauko a ƙirji, sai ka zana ta tun kafin ka gangara kafaɗa: faɗin milimita 6, tsawon santimita 1.5, a ɗan karkace gefe guda, ka yi mata iyaka a zagaye ka rage iccen da ke kewayenta milimita 1. Wanda bai son wannan wahalar ya bar wuyan haka, bayan fenti ya ɗaura guntun atamfa ko ulu. Hannaye na tsinke kuwa ba na ba da shawararsu. Su ne farkon karyewa a ajiya, suna kuma sarƙewa da wayar fitilu.

Fuska

Ka zaɓi gefen da ya fi tsafta ya zama gaba. A tsakiyar kai ka huda rami da ƙusa inci 2, zurfin milimita 5. Ka feƙe tsinken tsire ya yi tsini, ka yanke santimita 1.2, ka gwada ya shiga da ɗan matsi, sannan ka cire ka ajiye. Sai an gama farin fenti ake manna shi. Hancin da aka manna a kan fenti ba tare da rami ba, ba ya kwana biyu. Idanu su zauna kusa da hanci, milimita 3 sama da shi, tazarar milimita 6 tsakaninsu. In suka yi nisa da juna ko suka hau can ƙarƙashin hula, fuskar sai ta zama ba fara'a. Ka ɗan lotsa wurarensu da tsinin ƙusa, haka ma maɓallai uku a ciki.

Samfefa da fenti

Ba dole ne a goge sawun wuƙa duka ba. Waɗannan 'yan fuskokin da wuƙa mai kaifi ta bari suna kama haske, su ne ke nuna aikin hannu ne. Ka bi da lamba 220 sama-sama ka kashe kaifin gefuna. In santsi kake so, lamba 120 tukuna sannan 220, kana bin tsawon jijiya. Amma ka gama duk aikin wuƙa kafin samfefa, domin yashinta yana maƙalewa a icce ya cinye kaifin wuƙa nan da nan.

Ka dama farin gam cokali 1 da ruwa cokali 3, ka shafe shi duka, ka bari minti 30. Wannan shafin yana hana saman hula da kafaɗu, inda jijiya ta buɗe baki, shanye fenti su yi dabbare-dabbare, yana kuma rage ɓullowar launin icce. Bayan ya bushe za ka ji 'yan gashi sun tashi, ka shafe su da tsohuwar samfefa.

Farin fentin ruwa na bango ya isa, ragowar gwangwani ma ta yi. Ka sirka shi ya yi ruwa-ruwa, ka shafa sau biyu ko uku, kowane ya bushe kafin na gaba. Shafi ɗaya mai kauri yana cike wuya da ƙarƙashin hula, duk zurfin da ka sha wahalar yi ya ɓace, kuma da iskar hunturu bayansa ke bushewa ya tsattsage. Ka soke mariƙin a kwanon yashi, ka kife kwali a kai saboda ƙura, a inuwa. Sannan hula baƙa ko ja, ƙyalle ja ko kore. Hanci ka haɗa rawaya kashi biyu da ja kashi ɗaya. Fari ne farko, masu duhu daga baya, kuma yankan iyakar nan shi zai tare maka launi kada ya tsallaka.

Ido da baki da maɓalli kada ka yi su da burushi. Ka tsoma gindin tsinken ashana a baƙin fenti, ka ɗan taɓa a takarda ya rage, ka dangwala sau ɗaya. Baki ɗigo biyar ne da tsinin tsinke, a lanƙwashe sama. Alkalamin maka yana da sauƙi, amma yakan yaɗu in aka shafa wani abu mai ruwa a kansa, don haka in da shi za ka yi, ya zama shi ne na ƙarshe.

Banish na kafinta yana mayar da fari rawaya cikin 'yan watanni. Ka bar shi. Wani siririn shafi na ruwan gam ɗin nan, bayan fenti ya kwana, yana bushewa garau ya ba da ɗan sheƙi. Fentin mai ma ana iya amfani da shi ga hula, amma yana ɗaukar kwana guda kafin ya bushe, ƙura na manne masa.

Yanke mariƙi da rataya

Ka zagaya da zarto a layi na biyar kaɗan-kaɗan ta kowane gefe har su haɗu a tsakiya. In ka yanka daga gefe ɗaya ka fita ta ɗaya, gefen ƙarshe zai yage. Ka goge gindin a kan samfefa da aka shimfiɗa a ƙasa mai santsi daidai, ka shafa masa gam da fenti shi ma, don danshin damina kada ya shiga ta nan. Mariƙin da ya rage santimita 6 ne, ya isa a fitar da ƙarami daga cikinsa in hannu ya saba.

Ka yanki wayar jan ƙarfe santimita 5, ka naɗa tsakiyarta a jikin ƙusa ta yi zobe, ka murɗe jelolin biyu tare, ka yanke su saura santimita 1. Ka ɗiga sufa gulu a ramin hula, ka murza wayar ta shiga har zoben ya zauna. Murɗin ne ke kama gam. Miƙaƙƙiyar waya ko ƙusa zarewa take yi, domin tana bin tsawon jijiya ne ba ta gicciye ta ba. Ka juya zoben ya zama raminsa yana kallon gefe da gefe, ta haka in zare ya rataya a reshen da ya miƙo waje, fuskar za ta fi kallon mutane. Zare santimita 20 ka ninka ka ƙulla. Ka ɗaga ka gani: in ya rinjaya gaba, ka ɗan lanƙwasa zoben gaba har ya miƙe.

Na farko zai iya cin awa biyu, kuma da wuya ya fito yadda kake so, shi ya sa ya kamata ka yanka guntaye biyar ko shida tun farko. In na sayarwa ne, ka yi su rukuni-rukuni: huda duka, mulmule duka, iyaka duka, fenti duka a rana ɗaya, kuma su kasance a shirye tun ƙarshen Nuwamba, domin masu ado suna sayayya makonni kafin 25 ga Disamba. Ka gaya wa mai saye ya rataye su sama da inda hannun yaro mai rarrafe zai kai, saboda hancin ƙarami ne zai iya shiga baki, kuma a nisanta su da kyandir. Bayan biki a naɗe kowanne a takarda daban don hanci kada ya karce na kusa da shi, a zuba a gwangwani mai murfi da ɗan busasshen ganyen darbejiya, a ɗora a sama inda gara da ɓera ba za su kai ba.